Kwamitin bishiyoyi shawara yake bayarwa, ba ya cin kowa tara

Da zarar majalisar wani birni ta kafa kwamitin ba da shawara kan wuraren shaƙatawa da bishiyoyi, sai jita-jita ta tashi: wai daga yanzu ko reshe ba ka isa ka sare a tsakar gidanka ba sai da izinin kwamiti, in ka kuskura su ci ka tara. Wasu har cewa suke zai rufe filin wasan yara ya sayar. Duk wannan ba ya cikin ikonsa.

'Yan kwamitin mazauna birnin ne, galibi ba a biyansu albashi, magajin gari ko majalisa ke naɗa su na wani wa'adi. Suna duba tsarin dashe, da irin itacen da ya dace da bakin titi, da filin da ya fi buƙatar gyara, su saurari koken jama'a, sannan su miƙa wa majalisa shawararsu a rubuce. A Amurka abin ya yaɗu ne har da dalilin shirin Tree City USA da aka fara a 1976: birnin da ke son shiga sai ya kasance da kwamiti ko sashen bishiyoyi, da dokar kula da su, da kasafin aƙalla dala 2 kan kowane mazauni a shekara, da bikin ranar dashe.

Tara kuwa akwai ta, kada wani ya ce maka babu. Amma tana cikin dokar kula da bishiyoyi wadda majalisa ce ta zartar, jami'in birni ne ke aiwatar da ita, in an yi gardama kotu ta raba. Iyakar kwamiti ya ce a ganinsa tarar ta yi yawa ko ta yi kaɗan.

Inda mutane ke faɗawa tarko shi ne sashen dokar da ya fayyace wace ce bishiyar jama'a. Kowa ya san ta cikin lambun gwamnati ba tasa ba ce. Rigimar tana kan wadda ke ƙofar gida, a ɗan filin da ke tsakanin shingenka da kwalta. A birane da dama wannan fili yana cikin hurumin titi, don haka bishiyar ta birni ce, ko da kai ka dasa ta, kai ke ba ta ruwa, kai ke share ganyenta. Ka sare ta ko ka yi mata mummunar aski ba izini, za a iya cin ka tara, wani wurin ma a haɗa maka da kuɗin dasa wata. Ta cikin gidanka yawanci taka ce, sai dai akwai biranen da ke kare manyan tsofaffin itatuwa ko a filin wa suke, saboda haka karanta dokar birninku kafin ka ɗauko gatari. Abin da ba na ganin adalcinsa shi ne inda doka ta ɗora wa mai gida gyaran daɓen da saiwa ta fasa, alhali ta hana shi taɓa bishiyar da ta yi ɓarnar.

In ma akwai abin damuwa game da kwamitin, rashin ƙarfinsa ne. A Sheffield ta Ingila, majalisa ta kafa kwamitin masana mai zaman kansa bayan jama'a sun tayar da ƙayar baya kan sare bishiyoyin titi. Kwamitin ya ce a bar mafi yawan waɗanda ke titin Rustlings, amma da asubahin 17 ga Nuwamba 2016 aka tashi mutane daga barci su janye motocinsu, aka sare kusan duka. A 2023, bayan rahoton bincike mai zaman kansa da Sir Mark Lowcock ya jagoranta ya soki majalisar, ta fito ta nemi gafarar mazauna birnin. A ƙarshen 2023 ɗin ne sashen Dokar Muhalli ta 2021 ya fara aiki, wanda ya wajabta wa hukumomin tituna a Ingila tuntuɓar jama'a kafin sare bishiyar bakin titi, ban da wasu keɓaɓɓu kamar mai haɗari ko wadda ta mutu.