Shugabancin haɗin gwiwa a ofisoshin lauyoyi na Accra

Shugabancin haɗin gwiwa tsari ne da manyan lauyoyin ofishi ɗaya ke raba ragamarsa a tsakaninsu, maimakon ta tsaya hannun wanda ya kafa shi. A Accra, wadda Hausawan zango ke kira Ankara, an fi sanin tsohon salo: lauya ɗaya mai suna, allonsa a bakin ƙofa, ƙananan lauyoyi na ɗaukar masa fayil zuwa kotu. Irin wannan ofishi yakan tsufa tare da mai shi, ranar da ya kwanta dama kuma abokan hulɗarsa su kwashe takardunsu.

Dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta Ghana ta 1962 ta ƙayyade abokan tarayya daga mutum 2 zuwa 20, kuma bashin ofishi yana wuyan kowannensu. Wanda za a bi bashi a kan kuskuren abokinsa ba zai yarda a yanke shawara ba ya nan ba. Don haka akan zaɓi ɗaya ya kula da gudanarwa na wani wa'adi, wani ya riƙe kuɗi, wani ya ɗauki horar da sababbin da suka fito daga Makarantar Lauyoyi ta Ghana da ke unguwar Makola a Accra, wadda aka kafa a 1958.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon riba. Wasu ofisoshi na rabawa bisa daɗewa, wasu bisa aikin da kowa ya kawo. Na farko yana sa a taimaki juna, amma rago kan fake a cikinsa. Na biyu yana zaburar da mutum, sai dai kowa ya ƙanƙame abokin hulɗarsa kamar ɗan fari. Da yawa sukan gauraya biyun, kuma wannan ya fi kusa da hankali.

Bunƙasa ba ta zuwa ta hanyar talla irin ta 'yan kasuwa, domin Majalisar Kula da Aikin Lauya, wadda dokar 1960 ta tanada, tana taƙaita farautar masu ƙara. Sai ofishi ya ƙware a wani fanni. Gano mai a rijiyar Jubilee da ke tekun Ghana a 2007 da fara haƙarsa a 2010 sun buɗe aikin kwangilolin makamashi, zaman sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Accra tun 2020 kuma ya ƙara sa ofisoshi ƙulla ƙawance da takwarorinsu na Legas, Nairobi da Johannesburg.

A unguwannin zango na Accra kamar Nima, Mamobi da Sabon Zongo, abin da ke kai mutum gaban lauya yawanci takardar fili ce ko gado, musamman inda dokar rabon gadon wanda bai bar wasiyya ba ta 1985 ta saɓa da rabon da malamai suka yi. Ɗan kasuwa yakan ce "lauyana", ba ya ambaton sunan ofishi, kuma idan ya tarar da wani a kujerar sai ya ce zai dawo gobe.