Kasuwa a cikin waya: tambayoyin masu shirin farawa

Yanzu da wuya ka buɗe WhatsApp ba ka ci karo da atamfa, leshi, turaren wuta ko dambun nama a sitatus ɗin wata ba. Matan aure da ba sa zuwa kasuwa sun samu rumfa a tafin hannu, haka teloli da masu ƙunshi. Ga abin da masu shirin farawa suka fi tambaya.

Da wace manhaja zan fara?

Da wadda mutanenka suke ciki, a wajenmu kuwa WhatsApp ce. Sai dai tana da iyaka: sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma babu mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Wato 'yan uwa da abokan arziki kake ta yi wa talla kullum. Baƙon ido a Facebook da Instagram da TikTok ake samunsa, sannan a jawo shi WhatsApp a ƙarasa ciniki. Ka sauke WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018. Kyauta ce, kuma tana da wurin jera kaya da farashinsu, ka huta da tura hoto ashirin ga duk wanda ya yi sallama.

Ba ni da jari. Zan iya ɗora hoton kayan wani, in an biya in je in saro?

Da haka mutane da yawa suka fara. 'Yan Kantin Kwari, kasuwar atamfa da yadi ta Kano, na tura hotunan sababbin kaya ga masu sari, su kuma su ɗora ribarsu su watsa. Amma akwai abin dubawa ta fuska biyu.

Ta fuskar addini, akwai hadisin Hakim bin Hizam, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Malamai sun nuna mafita: ko ka zama wakilin mai kaya da saninsa, kana karɓar la'adarka, ko ku yi cinikin salam, a siffanta kaya sarai, a yanka ranar kawowa, a biya kuɗi gaba ɗaya, ko kuma ka karɓi saƙo kawai, sai kaya sun shigo hannunka ku ƙulla ciniki. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba yadda kake yi.

Ta fuskar kasuwa kuwa, ka karɓi kuɗin Hajiya da safe, ka isa Kwari da azahar a ce wannan kalar ta ƙare ko kuɗinta ya tashi. Yanzu ko ka cika daga aljihunka, ko ka koma kana kame-kame. Kafin ka ce a turo kuɗi, kira mai shago ya tabbatar maka kayan na nan, ya ware maka.

In rubuta farashi, ko in ce a biyo ni ta inbos?

Rubuta. Masu ɓoyewa na cewa kada abokan hamayya su gani, alhali abokin hamayya da wata lamba zai tambaya ya ji. Wanda kake kora shi ne mai jin nauyin tambaya, kada ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa ya rasa yadda zai janye. In kana barin wurin tayi, faɗi hakan.

Wa zai fara sakin nasa, mai kuɗi ko mai kaya?

Nan ne gizo ke saƙar. Mai saye na tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, mai sayarwa na tsoron alat na bogi. Tun ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare, 'yan damfara ma suka samu hanya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma haka. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ce ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunka, ko da mai saye na rantsuwa yana sauri.

Kai ma ka sauƙaƙa wa mutane yarda da kai. Sunan asusunka ya dace da sunan da aka san ka da shi. Wanda ya ce bidiyo yake so ya gani, kira shi ka juya masa kayan a gaban kyamara. Ga sabon kwastoma mai ɗari-ɗari, karɓi kafin alƙalami, ya cika idan saƙo ya isa.

Me ya sa ake yawan rigima bayan kaya sun isa?

Hoto. An ɗauka da fitila mai ƙarfi, an ƙara masa kala, ko ma na kamfani ne aka kwafo. Ɗauki naka da hasken rana, ka faɗi yadi nawa ne, ka faɗi aibi in akwai. Tela da mai ƙunshi su nuna aikin hannunsu, amma kada a ɗora fuska ko hannun matar mutane ba izininta. Wannan kaɗai ya isa ya raba ka da dangi guda na kwastomomi.

Yaya zan aika kaya wani gari?

Yawanci ta tasha. Rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙunshin, karɓi lambar direba da ta mota ka tura masa, kuma ku yi magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin mota.

Sai na yi rajista?

Mai sayar da atamfa biyar a mako ba wanda zai tsare shi, amma rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana ba ka damar buɗe asusu da sunan sana'arka. Abin ci da sha da aka ƙunsa, man shafawa da magunguna kuwa hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Masu haɗa man bilicin da kayan mata suna tallarsu da alƙawarin warkar da komai su san cewa sayarwa a waya ba ta fitar da su daga doka ba.

In aka rufe shafina fa?

Yana faruwa, kuma ba lallai da laifinka ba. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. Ga kuma masu kira su ce ka karanto musu lambobi 6 da suka shigo wayarka, da ka faɗa sun ƙwace WhatsApp ɗinka, su bi kwastomominka suna karɓar kuɗi da sunanka. Kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp ɗinka yau, wato lambar sirrin da kai za ka zaɓa, kada ka ba kowa waɗannan lambobi. Sannan ka sayi littafi na takarda, ka riƙa rubuta sunan duk wanda ya taɓa saye, da lambarsa, da garinsu, da abin da ya saya.