Waiwaye: Yadda Masar ta raba gari da tattalin arzikin gurguzu

Tun da aka ƙara farashin gurasar tallafi a Masar daga ƙirshi 5 zuwa 20 (ƙirshi 100 ne fam ɗaya, kuɗin ƙasar) a watan Yunin 2024, muhawara ba ta lafa ba, kuma masu sharhi da dama na magana tamkar a shekarun nan ne ƙasar ta juya wa tsarin gurguzu baya. Alhali tafiyar ta kai shekaru hamsin.

Farkon labarin sananne ne. A zamanin Gamal Abdel Nasser an yi dokar rabon gonaki ta 1952, aka mayar da mashigin Suwez hannun gwamnati a 1956, manyan kamfanoni suka biyo baya a 1961. A 1974, a zamanin magajinsa Anwar Sadat, aka buɗe ƙofa ga masu zuba jari, sai dai yunƙurin rage tallafin abinci a Janairun 1977 ya haddasa tarzomar da ta sa aka janye matakin cikin kwanaki biyu.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne Doka ta 96 ta shekarar 1992, wataƙila don a karkara ta yi aiki, nesa da idon 'yan jaridar Alƙahira. Kafin zuwanta, manomin da ke haya a gonar wani yana biyan ninki bakwai na harajin gonar ne kawai, mai gona ba ya iya tashinsa muddin yana biya, kuma idan ya rasu 'ya'yansa su gaji hayar. Masu gonaki, waɗanda ba duka ne attajirai ba, sun daɗe suna kukan cewa kuɗin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba, kuma kukan nasu yana da tushe. Sabuwar dokar ta ɗaga hayar zuwa ninki 22, ta ba da wa'adin shekaru biyar, daga Oktoban 1997 kuma ta bar wa kasuwa yanke farashi, tare da bai wa mai gona damar karɓe abinsa.

Iyalai kusan miliyan ɗaya abin ya shafa. Magidancin da a da yake noma alkamarsa, matarsa ta gasa gurasa a tanderun gida, saniyarsa ta ci ciyawar gonar, idan ya kasa biyan sabuwar haya sai ya koma ƙwadago ko ya nufi birni, ya shiga layin gidan gurasa riƙe da kuɗi a hannu. A ganina, nan ne aka warware alƙawarin da dokar 1952 ta yi wa manoma tun daga tushe, domin sayar da masana'antun gwamnati da aka soma bayan wata doka ta 1991 ya fi taɓa ma'aikatan birane, wannan kuwa abincin ƙauye ta taɓa. Masar na cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje, saboda haka duk lokacin da darajar fam ta faɗi, kamar a 2016 da 2024, irin waɗannan iyalai ba su da rumbun da za su koma wa.