Daga kamfanin lema zuwa kamfanin kanka: tambayoyin 'yan kwantiragi a Birtaniya

Duk wanda ya yi aikin kwantiragi a Birtaniya, a fannin kwamfuta ne ko injiniyanci ko asibiti, yana tuna ranar da ya fara buɗe takardar albashinsa ya ga abin da ya saura bayan an gama yanke-yanke. A ranar ake fara tunanin buɗe kamfani. 'Yan'uwa daga Manchester, Birmingham da Landan suna yawan tuntuɓata a kan wannan, kuma kusan kowa da tambayar "nawa zan ƙaru?" yake farawa, alhali akwai wadda ta riga ta.

Mene ne ainihin bambancin tsarin biyu?

Kamfanin lema, wanda Turawa ke kira umbrella, shi ne ubangidanka a takarda. Kai za ka yi wa wani kamfani aiki, ejansi ta karɓi kuɗin ta miƙa wa lema, lema ta cire haraji ta hanyar PAYE, tsarin cire haraji daga albashi tun kafin ya iso hannunka, ta biya ka albashi. Kai ma'aikaci ne, naka kawai ka aika da lissafin awanninka duk mako.

A kamfanin kanka kuwa, wanda ake kira limited, kai ne darakta, kai ne mai hannun jari. Kamfanin ne ke sa hannu a kwantiragi, shi ke aika takardar neman biya, kuɗi su shiga asusunsa. A idon doka shi wani mutum ne daban da kai, da bashinsa da dukiyarsa.

An ce za a biya ni fam 400 a rana, me ya sa abin da lema ke turo min bai kama hanya ba?

Saboda fam 400 ɗin ba albashinka ba ne, kuɗin aikin ne gaba ɗaya, kuma daga cikinsa ake biyan abin da ke wuyan mai ɗaukar ma'aikaci. Ɗauki mako guda, fam 2,000. A ce ladar lema fam 25 ce. Sai a cire kason inshorar ƙasa (National Insurance, gudummawar da ake biya wa gwamnati a kan albashi) na mai ɗaukar aiki, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Afrilun 2025, da harajin horar da masu koyon sana'a, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da zai rage kusan fam 1,720 ne, kuɗin hutunka ma a ciki yake. Sai a kan wannan ne za a fara lissafin harajinka da inshorar ƙasarka da fansho. Wato kusan fam 280 sun tafi tun ba a zo kanka ba. Wannan ba sata ba ce, haka tsarin yake, kuma tun 2020 doka ta wajabta wa ejansi ta ba ka takardar da ke fayyace waɗannan yanke-yanke kafin ka fara aiki. Inda ya kamata gabanka ya faɗi shi ne in wata lema ta yi maka alkawarin kashi 85 ko 90 na kuɗinka ta hanyar "rance" ko wani suna mai daɗin ji. Dubban mutane sun shiga irin wannan, shekaru bayan nan HMRC, hukumar harajin ƙasar, ta biyo su da bashin da ya karya wasunsu. Garin neman gira aka rasa ido.

Ke nan in na buɗe kamfani na huta?

A'a. Wannan ce tambayar da ta kamata a fara da ita, kuma amsarta tana hannun dokar IR35, ba hannunka ba.

An kafa dokar a Afrilun 2000 saboda mutanen da ke ajiye aiki ranar Juma'a su dawo teburinsu ranar Litinin da sunan kamfani, aiki bai canza ba, haraji ya ragu. Abin da take tambaya ɗaya ne: da a ce babu kamfaninka a tsakani, kai ma'aikacin wannan wuri ne ko mai sana'ar kansa? In ma'aikaci ne, kwantiraginka yana "ciki", kuma za a cire maka haraji kamar na mai albashi ko da kamfani goma gare ka. In mai sana'ar kansa ne, yana "waje", a nan ne kamfani ke da amfani.

Abu uku aka fi dubawa, kuma tushensu wata shari'a ce ta 1968 a kan direban motar kankare na kamfanin Ready Mixed Concrete. Na farko iko: wa ke faɗa maka yadda za ka yi aikin, da lokacin, da wurin? Na biyu wakilci: in ba ka da lafiya, za ka iya turo wani ƙwararre ka biya shi daga aljihun kamfaninka, ko dole sai kai da kanka? Na uku, shin wajibi ne su ci gaba da ba ka aiki, kai kuma wajibi ne ka karɓa? Wanda ke da manaja a kansa, yana neman izini kafin ya tafi asibiti, ana juya shi daga wannan aiki zuwa wancan yadda aka ga dama, ma'aikaci ne komai kyan rubutun kwantiraginsa. HMRC da kotu yadda ake aikin a zahiri suke dubawa, takarda ba ta rufe musu ido.

A da, ɗan kwantiragi ne ke yanke wa kansa hukunci. Daga Afrilun 2017 aka mayar da wannan nauyi kan hukumomin gwamnati, daga Afrilun 2021 kuma kan matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu. Yanzu su ne za su ba ka hukuncinsu a rubuce tare da dalilansu. Ƙananan kamfanoni an bar su a tsohon tsari, a can kai za ka yanke, kuma in ka yi kuskure kamfaninka ne zai biya. Wannan sauyi ne ya tura mutane da yawa ƙarƙashin lema, musamman likitoci da ma'aikatan jinya masu aikin cike gurbi a asibitocin gwamnati na NHS, da masu aikin kwamfuta a bankuna.

An ce min ina "ciki", ni kuma ban yarda ba. Ina da ta cewa?

Kana da ita. Ka rubuta musu ƙorafi da hujjojinka, doka ta ba su kwana 45 su amsa. HMRC tana da wata manhaja kyauta a intanet mai suna CEST da za ka iya gwadawa. Sai dai ka sani, kujerar da ka shekara kana zaune a kanta ta hannun lema, wuya ne ta koma "waje" ba tare da aikin kansa ya canza ba. Lokacin da ya fi dacewa da sauya tsari shi ne sabon kwantiragi da sabon wuri, da hukuncin "waje" a hannunka kafin ka kashe ko sisi.

To in ina "waje", yaya lissafin yake?

Mu ci gaba da misalinmu. Kwana 220 a shekara kan fam 400 ya ba da fam 88,000. A ce akanta da inshora da kayan aiki sun ci 3,000. Ka biya kanka albashin 12,570, wato daidai adadin da ba a cire wa harajin kuɗin shiga, kamfani ya biya kusan 1,140 na inshorar ƙasa a kansa. Riba ta zama kusan 71,300. Tun Afrilun 2023 harajin kamfani kashi 19 ne ga ribar da ba ta wuce fam 50,000 ba, kashi 25 ga wadda ta haura 250,000, wanda ya faɗa tsakani kuma ana yi masa rangwame. A misalinmu kusan fam 15,000 ne. Abin da ya rage, kimanin 56,000, shi za ka iya ciro wa kanka a matsayin rabon riba.

Rabon riba ba a biya masa inshorar ƙasa, nan ne ribar tsarin take. Amma gwamnati tana ta rage ta. Adadin da ake yafe wa haraji fam 5,000 ne a 2016, ya koma 2,000 a 2018, 1,000 a 2023, sai 500 daga 2024. Harajin kansa, da ke kashi 8.75 a matakin farko da 33.75 a na biyu, an ɗaga shi zuwa 10.75 da 35.75 daga Afrilun 2026. Duk wanda ya ba ka labarin yadda ya ji daɗin kamfani shekara goma da suka wuce, gaskiya ya faɗa, amma wancan zamanin ya wuce. A ganina babbar fa'idar da ta saura ita ce ikon zaɓen lokaci: ka bar riba a kamfani shekarar da aiki ya yi yawa, ka ciro ta shekarar da ka zauna wata uku ba kwantiragi, ko kamfani ya zuba maka ita kai tsaye a fansho.

Ka kuma lura 88,000 tana dab da fam 90,000, inda rajistar harajin VAT ke zama dole. Ƙarin kwana shida na aiki ya isa ya tsallakar da kai.

Da me zan fara?

Da akanta wanda ya saba da 'yan kwantiragi, sannan rajista a Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet, wadda takan kammala cikin kwana guda. Kuɗinta fam 12 ne a da, ya koma 50 a Mayun 2024, sai 100 a Fabrairun 2026, kuma tun Nuwamban 2025 dole sabon darakta ya tantance ko shi wane ne. Adireshin da ka bayar kowa zai iya ganinsa a intanet, don haka in ba ka so gidanka ya fita fili, yi amfani da na ofishin akanta. Daga nan sai asusun banki na kamfani, inshorar kuskuren aiki wadda kusan kowace ejansi za ta nema, rajistar PAYE in za ka biya kanka albashi, da sanar da HMRC cikin wata uku da fara aiki. Asusun banki ne ya fi jan ƙafa, ka fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya zan rabu da lema lafiya?

Duba kwantiraginka ka ga wa'adin sanarwa, ka ba su a rubuce, ka karɓi takardar P45, wadda ke nuna albashinka da harajin da aka cire maka a shekarar. Kada ka tafi ba ka tambayi kuɗin hutunka ba. Wasu lemomin suna biyansa duk mako, wasu suna tarawa sai ka nema, kuma mutane da yawa sun bar nasu a can don ba su san da shi ba. Ka kuma tuna albashin da ka riga ka karɓa tun 6 ga Afrilu, ranar da shekarar haraji ke farawa, ya cinye wani ɓangare na rangwamen harajinka na shekarar, sai akanta ya duba kafin ka fara ciro rabon riba.

Kuɗin da ke asusun kamfani ba nawa ba ne? Ai ni na yi aikin.

Nan ne na fi jin tsoro wa mutanenmu. Layya ta gabato, an bugo waya daga gida, ga kuɗin rago, ga na makarantar yaran ƙanwa, ga mahaifiya tana bukatar magani. Ka buɗe manhajar banki ka ga fam 20,000 kwance a asusun kamfani, ka tura 6,000 ba ka ko yi tunani ba. Taimakon gida wajibi ne, ba ni da ja a kansa. Amma a cikin 20,000 ɗin nan akwai harajin kamfani da ba a nema ba tukuna, wataƙila da VAT da ka karɓa amana. Duk abin da ka ciro wanda ba albashi ba, ba rabon riba da aka rubuta a ƙa'ida ba, ba kuma kuɗin da ka kashe wa kamfani ba, rance ne kamfani ya ba darakta. In ba ka mayar ba cikin wata tara bayan rufe shekarar kamfani, sai kamfanin ya biya ƙarin harajin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ba zai dawo ba sai ka biya bashin. Kuma haram ne a doka a raba ribar da babu ita.

Maganin mai sauƙi ne. Ka buɗe asusu na biyu, duk kuɗin da ya shigo ka ware kason haraji a ranar. Abin da za ka aika gida ya fito daga asusunka na kanka, bayan an rubuta shi a matsayin albashi ko rabo. Harajin kamfani yana cika wata tara da kwana ɗaya bayan rufe shekara, naka na kanka 31 ga Janairu, kuma a shekarar farko sau da yawa HMRC za ta nemi ka haɗa da rabin na shekara mai zuwa a ranar. Jinkirin kai lissafin shekara Companies House tarar fam 150 ce a watan farko, tana kaiwa 1,500 bayan wata shida.

Bizata ta yarda kuwa?

Ka tabbatar tun kafin rajista. Mai bizar ɗalibi an hana shi sana'ar kansa, zama darakta ma yana cikin abin da aka hana. Mai bizar ƙwararren ma'aikaci a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ba zai bar shi ya koma cin kwantiragi da kamfaninsa ba. Mai bizar kammala karatu da mai takardar zaman dindindin suna da dama. Companies House ba za ta hana ka rajista don bizarka ba, sai ranar sabunta biza abin zai fito.

Me zan rasa in na bar lema?

Albashin mako-mako, don takardar neman biya takan ɗauki kwana 30 kafin a biya ta, saboda haka kana bukatar abin da zai riƙe gida wata biyu. Kuɗin hutu da fanshon da ake sa ka ciki kai tsaye sun tafi, ranar da ba ka fita aiki ba kuma babu abin da zai shigo. Wanda kwantiraginsa na wata uku ne, ko yana da niyyar komawa aikin dindindin nan kusa, gara ya zauna inda yake.

In kwantiragi na gaba ya zo "ciki" fa, sai na rufe kamfanin?

Ba dole ba. Mutane da yawa suna komawa lema na wannan lokacin su bar kamfanin a kwance, in wani "waje" ya samu su tayar da shi. Amma kamfanin da ke kwance ma sai an kai masa lissafin shekara da takardar tabbatar da bayanansa. In ka yanke shawarar rufewa gaba ɗaya, ka biya duk haraji da bashi, ka kwashe abin da ya saura a ƙa'ida, ka rufe asusun banki, sannan ka cike fom DS01. Duk kuɗin da aka tarar a asusun ranar da aka soke sunan kamfanin, ya zama na Masarautar Birtaniya.