Sukar Kamfanonin Nukiliya na Japan

Sukar da ake yi wa kamfanonin wutar lantarki na ƙasar Japan kan tsaron tashoshinsu na nukiliya ta girmi haɗarin Fukushima na 2011 da shekaru masu yawa, amma haɗarin ne ya ɗauke ta daga bakin tsirarun masana da mazauna yankunan tashoshin ya kai ta gaban majalisar dokoki da kotuna. Jigon sukar shi ne kamfanonin da ma'aikatar da ke sa musu ido da malaman jami'a da ake neman shawararsu sun zama abu guda, har ta kai babu mai iya taka wa wani birki. Japanawa suna kiran wannan haɗaka genshiryoku mura, wato ƙauyen nukiliya. Kamfanin da sunansa ya fi fitowa shi ne TEPCO, mai ba birnin Tokyo da kewaye wuta, kuma mamallakin tashar Fukushima Daiichi.

Asali

A 1954, shekara tara kacal bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, majalisar dokokin Japan ta amince da kasafin farko na binciken nukiliya, yen miliyan 235, bisa jagorancin wani matashin ɗan majalisa mai suna Yasuhiro Nakasone, wanda daga baya ya zama firaminista. A 1955 aka kafa babbar dokar makamashin nukiliya, sannan mai jaridar Yomiuri, Matsutaro Shoriki, ya zama shugaban farko na hukumar makamashin nukiliya, ya kuma yi amfani da jaridarsa da gidan talabijin ɗinsa wajen kwantar wa jama'a hankali. Tashar kasuwanci ta farko ta fara aiki a Tokai a 1966.

Japan ba ta da man fetur nata na a-zo-a-gani, saboda haka tashin farashin mai na 1973 ya sa gwamnati ta rungumi nukiliya da hannu biyu. A 1974, zamanin Firaminista Kakuei Tanaka, aka yi dokoki uku da suka ware kuɗi daga harajin wuta don tallafa wa garuruwan da suka yarda a gina musu tasha. Yawancinsu ƙananan garuruwan masunta da manoma ne da matasa ke barinsu, kuma da zarar gari ya saba da kuɗin, da wuya ya juya wa kamfani baya. A wancan zamani kuma kowane kamfani shi kaɗai ke sayar da wuta a yankinsa, farashinsa kuwa ana ƙididdige shi ne daga abin da ya kashe a ɗora riba a kai. Kafin 2011 ƙasar tana da tukwanen nukiliya 54, wato na'urorin da makamashin ke aiki a cikinsu, masu samar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na wutarta.

A cikin wannan yanayi aka gina abin da masu suka ke kira tatsuniyar tsaro. Da yake tsoron nukiliya ya yi zurfi a zukatan mutanen da suka ga Hiroshima, jami'ai sun riƙa shaida wa jama'a cewa babban haɗari ba zai taɓa aukuwa ba. Illar wannan magana ita ce duk wani gyara da za a yi wa tasha yana iya zama shaidar cewa a da ba ta da cikakken tsaro, kuma masu ƙarar kamfanoni a kotu za su iya kafa hujja da shi. Don haka jinkirta gyara ya fi wa shugabanni sauƙi a kan yin sa.

Haɗurra da ɓoye-ɓoye kafin 2011

A Disambar 1995 narkakken sinadarin sodiyam ya tsiyaye ya kama da wuta a tukunyar gwaji ta Monju da ke jihar Fukui. Babu wanda ya mutu a gobarar, amma an gano cewa hukumar da ke gudanar da tashar ta yanke wasu sassan bidiyon da aka ɗauka a wurin kafin ta nuna wa 'yan jarida, kuma wannan ya fi gobarar kanta zubar da mutuncinta.

Ranar 30 ga Satumba 1999 aka yi haɗarin Tokaimura, a masana'antar sarrafa yuraniyom ta kamfanin JCO. Ma'aikata uku suna narkar da yuraniyom a bokitan ƙarfe suna juyewa da hannu cikin tankin da ba don haka aka ƙera shi ba, har suka zuba kusan kilo 16 a inda ƙa'ida ta ce kada a wuce kilo 2.4. Makamashin ya kama aiki da kansa na kusan awa 20, biyu daga cikin ma'aikatan suka mutu bayan doguwar jinya, aka kuma umarci mutane kusan 310,000 su zauna cikin gidajensu. Bincike ya nuna cewa amfani da bokiti yana rubuce a wani littafin aiki na cikin gida wanda hukuma ba ta taɓa amincewa da shi ba, kuma ba a koya wa ma'aikatan haɗarin abin da suke riƙe da shi ba.

Babbar badaƙalar TEPCO ta fito fili a Agustan 2002. Wani injiniyan kamfanin General Electric, Kei Sugaoka, Ba'amurke ɗan asalin Japan, ya rubuta wa ma'aikatar kasuwanci tun a 2000 cewa an ɓoye tsagewar wani sashe na tukunya ta ɗaya a Fukushima Daiichi. Maimakon ta kare shi, ma'aikatar ta bari sunansa ya kai ga TEPCO, kuma sai da aka shafe shekara biyu kafin jama'a su ji labarin. A ƙarshe an lissafa wurare 29 da ake zargin an sauya ko an ɓoye bayanan duba kayan aiki. Shugaban hukumar daraktoci Hiroshi Araki da shugaban kamfani Nobuya Minami suka yi murabus, kuma a Afrilun 2003 aka tsayar da dukkan tukwanen TEPCO 17 don a duba su. Wanda ya gaji Minami shi ne Tsunehisa Katsumata, wanda ya yi alkawarin sauya halin kamfanin, kuma shi ne ke shugabantar hukumar daraktoci lokacin da tsunami ta zo a 2011.

A Agustan 2004 bututun ruwan zafi ya fashe a tashar Mihama ta kamfanin Kansai Electric, ma'aikata biyar suka mutu. Ba a taɓa auna kaurin wannan sashe na bututun ba tun da tukunyar ta fara aiki a 1976. A 2007 kuma, bayan gwamnati ta umarci kamfanoni su binciki tsofaffin takardunsu, Hokuriku Electric ya amsa cewa ya ɓoye wani haɗari da ya auku a tashar Shika a 1999, TEPCO ma ya amsa irin wannan a tukunya ta uku ta Fukushima Daiichi tun 1978.

Gargaɗin tsunami

Nan ne hujjar masu suka ta fi ƙarfi, domin akwai takardu. Wurin da aka gina Fukushima Daiichi tudu ne mai tsayin kusan mita 35 a bakin teku, aka sassare shi zuwa mita 10 don a kai ga dutse mai ƙwari kuma a rage kuɗin janyo ruwan teku. An yi lissafin farko ne kan igiyar ruwa mai tsayin mita 3.1, gwargwadon wadda ta iso daga girgizar ƙasar Chile ta 1960, sannan a 2002 aka ɗaga ƙiyasin zuwa mita 5.7. Yawancin janaretocin ko-ta-kwana da akwatunan rarraba wuta suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

A Yulin 2002 hukumar gwamnati mai nazarin girgizar ƙasa ta ce babbar girgiza mai haifar da tsunami tana iya aukuwa a ko'ina a gabar arewa maso gabas, har da daidai Fukushima. Da injiniyoyin TEPCO suka yi lissafi da wannan hasashe a 2008, sai ya nuna ruwa zai iya kai mita 15.7. Sakae Muto, wanda ke cikin manyan sashen nukiliya a lokacin, bai ba da umarnin gina katanga ba. Ya ce a miƙa batun ga ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasa ta ƙara nazari. A 2009 masanin ƙasa Yukinobu Okamura ya tunatar da wani kwamitin gwamnati tsunamin Jogan, wadda tarihi ya ce ta afka wa wannan gaba a shekara ta 869, amma aka ɗage maganar. TEPCO bai sanar da hukumar sa ido adadin mita 15.7 ba sai ranar 7 ga Maris 2011. Bayan kwana huɗu girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta auku, ruwa mai tsayin mita 14 zuwa 15 ya malale tashar, wuta ta ɗauke, makamashin tukwane uku ya narke, gine-gine uku suka yi bindiga tsakanin 12 da 15 ga wata. Mutane kusan 160,000 suka bar gidajensu.

Masu sa ido

Hukumar tsaron nukiliya ta lokacin, NISA, reshe ce ta ma'aikatar tattalin arziki, kasuwanci da masana'antu, wato ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa nukiliyar. Wannan kuwa ba wa kura ajiyar nama ne. Jami'anta ana sauya musu wurin aiki bayan 'yan shekaru, saboda haka injiniyoyin kamfani sun fi su sanin tashoshin, kuma sau da yawa kamfanonin ne ke tsara abin da za a duba. Ƙa'idar tsaro ta 1990 ta faɗa a rubuce cewa ba lallai ba ne a yi tanadin ɗaukewar wuta na dogon lokaci. Matakan da Amurka ta ɗora wa tashoshinta bayan harin 11 ga Satumba 2001, waɗanda suka haɗa da tanadin kayan sanyaya tukunya idan wuta ta ɗauke, an yi wa NISA bayaninsu, amma ba ta isar wa kamfanoni ba.

Akwai kuma al'adar amakudari, inda babban jami'in gwamnati ke ritaya ya koma babban muƙami a kamfanin da ya gama sa wa ido. Toru Ishida, tsohon shugaban hukumar albarkatu da makamashi, ya zama mai ba TEPCO shawara a Janairun 2011, ya sauka a Afrilu bayan jama'a sun yi ca. Ana kuma ambata kuɗin bincike da kamfanonin ke ba jami'o'i da kuɗin talla da suke ba kafofin yaɗa labarai.

Rahoton Kurokawa da muhawarar al'ada

Majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, irinsa na farko a tarihinta, ƙarƙashin likita Kiyoshi Kurokawa. Bayan sauraron mutane 1,167, kwamitin ya miƙa rahotonsa ranar 5 ga Yuli 2012, inda ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne, ana iya hango shi kuma ana iya kauce masa, sannan masu sa ido sun zama fursunonin waɗanda suke sa wa ido. A gabatarwar da ya rubuta wa fassarar Turanci, Kurokawa ya danganta tushen matsalar da ɗabi'un Japanawa: biyayya ba tare da tunani ba, jin nauyin tambayar na sama, manne wa shirin da aka riga aka tsara, da fifita ƙungiya a kan kowa.

Wannan magana ta jawo ce-ce-ku-ce, musamman da yake ba ta fito da wannan kaifi a rubutun Japananci ba. Masanin siyasar Japan Gerald Curtis ya ce ɗora laifi a kan al'ada hanya ce ta wanke kowa, domin idan al'ada ce ta yi, babu mutumin da za a tuhuma. Hujjar da ta fi goyon bayansa ita ce tashar Onagawa ta kamfanin Tohoku Electric, wadda ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar. An gina ta a tsayin mita 14.8 saboda nacin wani tsohon injiniya, Yanosuke Hirai, wanda ya san tarihin tsunamin yankin. Ta tsira, har mutanen garin suka fake a cikinta. A Fukushima ma, manajan tasha Masao Yoshida ya ci gaba da zuba ruwan teku a tukunya ta ɗaya duk da umarnin hedikwata na a dakata. Duka waɗannan mutane Japanawa ne, abin da ke nuna cewa shawarar mutum ɗaya a kujerar da ta dace tana da nauyi fiye da yadda bayanin al'ada ke nunawa.

Ko TEPCO ya yi niyyar janye dukkan ma'aikatansa daga tashar a daren 14 ga Maris 2011, batu ne da kamfanin da gwamnatin Firaminista Naoto Kan suka saɓa a kai, kwamitocin bincike ma ba su haɗu kan amsa ɗaya ba. A 2016 kamfanin ya amsa cewa shugabansa na lokacin, Masataka Shimizu, ya hana a furta cewa makamashin ya narke.

Leburori

Mafi yawan masu aiki a tashoshin ma'aikatan 'yan kwangila ne, hawa-hawa, kuma su ke shan mafi yawan tururin nukiliya. A 2012 an gano wani ɗan kwangila a Fukushima ya sa ma'aikata rufe na'urar auna tururi da darma don ta nuna adadi kaɗan.

Shari'u

An gurfanar da Katsumata da Muto da Ichiro Takekuro, wani tsohon mataimakin shugaban TEPCO, kan sakacin da ya jawo mutuwar mutane 44, yawancinsu majinyata da aka kwashe daga asibiti. Kotun Tokyo ta wanke su a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023, kotun ƙoli ta rufe shari'ar a 2025, bayan rasuwar Katsumata. A ƙarar masu hannun jari, kotu ta umarci tsofaffin shugabanni huɗu su biya yen tiriliyan 13.3 a 2022, amma aka soke hukuncin a 2025. Kotun ƙoli ta yanke a 2022 cewa gwamnati ba ta da alhakin biyan diyya ga waɗanda haɗarin ya raba da gidajensu.

Gyare-gyare

Gwamnati ta zuba wa TEPCO yen tiriliyan ɗaya a 2012 ta karɓi rinjayen ƙuri'u, ta rushe NISA, ta kafa sabuwar hukumar sa ido ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Badaƙalar Olympus ta 2011, inda aka kori shugaban kamfani Michael Woodford bayan ya tambayi wasu kuɗaɗen da aka ɓoye asara da su, da ta Toshiba ta 2015, sun faɗaɗa sukar zuwa hukumomin daraktoci da ke cike da 'yan cikin gida, kuma ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta 2015 ta nemi a riƙa naɗa aƙalla daraktoci biyu daga waje. A 2019 an gano manyan jami'an Kansai Electric sun karɓi kuɗi da kyaututtuka na sama da yen miliyan 300 daga tsohon mataimakin magajin garin Takahama, inda kamfanin ke da tashar nukiliya. A 2021 sabuwar hukumar ta hana TEPCO gudanar da tashar Kashiwazaki-Kariwa saboda sakaci wajen gadinta, ta ɗage haramcin a Disambar 2023.