Waiwaye: Yadda Allo da Boko Suka Haɗu a Zangunan Ghana

A Ghana, idan aka ce yaro ya tafi "makaranta", ba boko ake nufi ba. Kalmar ta Hausa ce, amma ta zauna daram a bakin Dagomba da Ashanti, har jaridun Turanci na ƙasar suna rubuta ta yadda take, kuma ma'anarta ɗaya: wurin da malam ke koyar da Alƙur'ani. Wannan rabuwar suna ta samo asali ne daga rabuwar da aka daɗe ana yi tsakanin karatun da iyayen zango suka yarda da shi da karatun da ke kai mutum ga albashi.

Zango dai masaukin ayari ne. Fataken Kano da Katsina da Barno sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Da Turawan Ingila suka ci Ashanti da yaƙi a 1874, hanyar goro ta fara karkata zuwa bakin teku, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar. Wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangara Kumasi da Akra. A can suka tarar da sojoji da 'yan sandan da Bature ya ɗebo, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba Hausawa ba ne. Daga baya 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da ƙasashen maƙwabta suka yi ta kwararowa neman aikin koko da ma'adinai da dako. Haka unguwanni irin su Sabon Zango da Nima da Mamobi a Akra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, suka cika maƙil, gida a jikin gida, lungu ba ya ɗaukar mota, kwata a buɗe, Hausa kuma ita ce harshen da ke haɗa kowa.

Kowane zango yana da masallaci, kowane masallaci da malaminsa. Karatu bai taɓa yankewa ba. Matsalar ita ce, a daidai lokacin nan boko yana hannun mishan. 'Yan mishan na Basel sun iso a 1828, 'yan Methodist a 1835, kuma tun 1876 aka buɗe makarantar da ta zama shahararriyar sakandaren Mfantsipim a Cape Coast. Ga ɗan talaka Kirista, makarantar coci tsani ce: ya fito ya zama akawu, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin gidan waya, jikansa ya zama lauya. Ga mutumin zango kuwa, tura ɗa can tamkar miƙa shi ga wani addini ne, tunda addu'ar safe da darasin Baibul suna cikin karatun. Ba za a ce tsoron nan na banza ba ne. Amma asarar da ya jawo ta yi yawa. Ƙasar ta sami 'yanci a 1957, ofisoshi suka buɗe wa masu takarda, 'ya'yan zango kuwa suna kasuwa da tasha da aikin gadi.

Waɗanda suka fara gwada haɗa addini da boko da gaske su ne 'yan Ahmadiyya, da suka sauka Saltpond a 1921, suka buɗe firamare, sannan sakandare a Kumasi a 1950. Makarantunsu sun yi suna, sun kuma yaye mutane da yawa. Sai dai malaman zango ba su yarda da aƙidarsu ba, don haka ga mafi yawan iyaye, an gudu ne ba a tsira ba.

A ganina, abin da ya fi girgiza zango shi ne dokar da gwamnatin Kofi Busia ta kafa a watan Nuwamba na 1969, wadda ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi, ba su san wani gari ba, suka tsinci kansu a bayan manyan motoci. Waɗanda suka rage sun ga abin da rashin takarda ke jawowa, sun kuma ga cewa ba su da nasu a ofisoshin da ake yanke irin wannan hukunci.

A gefe guda kuma, makarantar kanta tana sauya kama. A Tamale, Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariyya, Shaikh Ibrahim Basha ya kafa Nuriyya, aka bar zaman buzu aka koma aji da benci da allon bango, ana koyar da nahawu da fiƙihu da hadisi bisa tsari. Ɗaliban da suka yi fice suka riƙa samun gurbin karatu a Azhar da Madina. Nan ma wani ƙulli ya ɓullo. Mutum ya shafe shekaru a Masar ko Saudiyya, ya dawo da digiri, Larabci kamar ruwa, amma harshen aiki a Ghana Turanci ne. Ba banki, ba kotu, ba ma'aikata. Sai ya buɗe tasa makarantar a zango, yana jiran abin da iyaye za su iya bayarwa, irin abin da mu a nan muke kira kuɗin Laraba. Ilimi ya ƙaru, daraja ta ƙaru, tukunya kuwa tana nan yadda take.

Tun farkon shekarun 1970 wasu masu makarantu, musamman a arewa, suka amince gwamnati ta turo musu malaman Turanci da lissafi. An yi ta tababa, wasu na cewa ta baya aka biyo don a kashe karatun addini. Abin bai tsaya da ƙafarsa ba sai a 1987, lokacin mulkin Jerry Rawlings, da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, daidai da sassan da Katolika da Methodist da Presbyterian suka daɗe da mallaka. Yarjejeniyar mai sauƙi ce. Mai makaranta ya riƙe gininsa da sunansa da darasin Larabci da addini. Gwamnati ta kawo manhajarta, ta turo malamai, ta biya su albashi. Yaro ya zauna jarrabawar ƙasa kamar kowa.

Wannan shi ne ainihin abin da ya buɗe ƙofar, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Uban da ba zai kai ɗiyarsa makarantar coci ba, zai kai ta wurin malamin da yake bin sallarsa kullum, inda za ta sa hijabinta ba mai ce mata uffan, inda ake tashi da wuri ranar Juma'a. Makarantar tana cikin unguwa, ba kuɗin mota. Amanar da malam ya tara shekara da shekaru ita ce jarin, gwamnati ta ɗora takarda a kanta. 'Yan mata su suka fi cin moriyar wannan, domin a da tallan goro da wake da shinkafa, sai aure, shi ne layin da aka shata musu. Yau a asibitoci da makarantu da bankunan Akra da Kumasi ana samun ma'aikatan da a irin waɗannan azuzuwa suka fara haɗa baƙi.

Sai dai an bar rami a tsakiyar yarjejeniyar. Malamin Turanci ma'aikacin gwamnati ne, yana da albashi da fansho. Malamin Larabci, wanda don shi iyaye suka kawo 'ya'yansu, sau da yawa ba shi da takardar horon da gwamnati ta sani, don haka ba ya cikin jerin masu albashi. Gwamnatoci sun sha ɗaukar su a shirye-shiryen samar wa matasa aikin yi, a ba su alawus na ɗan lokaci, ya zo yau ya maƙale gobe. Yara kuma ba makafi ba ne. Suna ganin wane malami ne ke zuwa da babur, wane ne ke zuwa a ƙasa.

Rami na biyu yana gaba. Makarantun sashen galibi firamare ne da ƙaramar sakandare. Manyan sakandaren da suka fi suna wajen kai yaro jami'a, da yawansu masu tushen mishan ne har yau. Da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta soke kuɗin babbar sakandare a 2017, 'ya'yan zango da yawa suka sami shiga, sai tsohuwar tambaya ta dawo da sabuwar riga. A azumin 2021 aka yi ta cece-kuce a kan makarantar 'yan mata ta Wesley, ta cocin Methodist, da ke Cape Coast, bayan an hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta ce a bar ɗalibai su yi, cocin Methodist ta ƙi amincewa da umarnin. Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na al'ummar ƙasar bisa ƙidayar 2021, amma manyan sakandarensu ba su kai ko kusa da wannan kaso ba.

An yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyoyi daban-daban. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya kafa gidauniyar tallafa wa ɗalibai marasa galihu. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zanguna da asusu na musamman da majalisa ta yi wa doka, aka gina azuzuwa da filayen ƙwallo a wasu unguwanni. Ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba, aka rushe ta, asusun ya ci gaba.

A 2024 Larabci ya shiga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a matsayin darasin zaɓi, shekara 37 bayan kafa sashen. A Nima da Aboabo kuwa, iyayen da hannunsu ya ɗan yi ƙarfi sun fara kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, makarantar malam ta koma ta Asabar da Lahadi.