Halatta tabar wiwi a dokokin ƙasashe

Halatta tabar wiwi shi ne janye haramcin da dokar ƙasa ta ɗora a kan noma, mallaka, sayarwa ko shan tsiron da masana ke kira Cannabis sativa, wanda Hausawa suka sani da wiwi, wasu kuma kan sakaya su ce "ganye". Halattawar da ake nufi a nan ta dokar gwamnati ce, ba ta hukuncin addini ba. Kalmar ɗaya ce, amma matakai dabam-dabam ne ke shiga ƙarƙashinta: akwai ƙasar da ta daina ɗaure mashayi alhali sayarwa na nan a matsayin laifi, kamar yadda Fotugal ta yi a 2001; akwai wadda ta yarda likita ya rubuta wa majinyaci; akwai wadda ta buɗe kasuwa ga duk baligi; akwai kuma wadda ta amince kawai da noman irin da ba ya bugarwa domin a sami zare da mai. Galibin saɓanin da ake yi yana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan matakai.

Tsiron da sinadaransa

Ana kyautata zaton asalin tsiron daga tsakiyar Asiya yake, kuma an daɗe ana amfani da ɓawonsa wajen tufka igiya da saƙa, kamar yadda ake yi da rama. Sinadarin da ke juya hankali shi ne THC, wanda ya fi taruwa a furen macen tsiron. Ɗaya sinadarin, CBD, ba ya bugarwa.

Yadda haramcin ya samo asali

Haramcin da ya game duniya bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, ko da yake wasu masu mulki sun gwada hanawa tun kafin nan. Masar ta kafa dokoki a kan hashish, wato daskararren ƙaron wiwi, tun wajajen ƙarshen shekarun 1870. A Indiya kuwa, inda shan sa ya shiga al'ada da wasu bukukuwan ibada, Turawan mulkin mallaka na Birtaniya sun kafa kwamitin bincike a 1893. Kwamitin ya saurari shaidu fiye da 1,000, kuma a rahoton da ya fitar a 1894 ya ce shan da bai wuce kima ba cutarwarsa kaɗan ce, sai ya ba da shawarar a ɗora haraji a sa ido maimakon a hana baki ɗaya. Masu neman halattawa har yau suna kafa hujja da wannan rahoto, masu suka kuma suna tunatar da cewa gwamnatin da ta kafa kwamitin tana cin kuɗin shiga daga harajin wiwin.

Abin lura shi ne, ba ƙasashen Turai ne suka fi matsa lamba a sa wiwi cikin yarjejeniyar duniya ba. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta rubuta wa Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1923 tana neman haka, sannan a taron da aka yi a birnin Janiba kan fataucin ofiyom, wakilin Masar, Muhammad El Guindy, ya tsaya kai da fata cewa hashish na haukata mutanen ƙasarsa. Yarjejeniyar 1925 da ta fito daga taron ita ce ta fara taƙaita fataucin wiwi tsakanin ƙasashe. Birtaniya ta hana shi a cikin gida a 1928, kuma dokokin irin wannan suka bi ta zuwa ƙasashen da take mulka.

A Amurka, Harry Anslinger, wanda ya shugabanci hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun daga 1930, ya jagoranci gangamin da ya kai ga dokar haraji ta 1937, wadda a aikace ta rufe kasuwar. Masana tarihi da dama sun nuna yadda aka riƙa danganta wiwi da baƙi 'yan Meziko da baƙaƙen fata a lokacin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta tattara tsofaffin yarjejeniyoyi wuri ɗaya, ta sa wiwi a rukuni na ɗaya da kuma na huɗu, wato jerin da ake ɗauka mafi haɗari, tare da hodar hiroyin. Amurka ta ƙara ɗaure tamau da dokar 1970, wadda ta sa shi cikin abubuwan da ta ce ba su da amfanin magani da aka yarda da shi.

Matsayin malaman fiƙihu

Hashish ya bazu a ƙasashen Musulmi ne bayan zamanin limaman mazhabobi huɗu, shi ya sa ba a sami maganarsu a kai ba. Malaman ƙarni na 13 da na 14 ne suka ɗauki mas'alar. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke shi daidai da giya har a wajen haddi, bisa hadisin da ya ce duk abin da ke sa maye haram ne. Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya sa shi cikin abubuwan da ke gurɓata hankali, ba masu sa maye irin na giya ba, don haka ya ga hukuncin mai sha ladabtarwa ce gwargwadon ganin alƙali. Saɓanin nasu a kan nau'in hukunci ne, haramcin sha kuwa shi ne ra'ayin jumhurun malamai.

Sassautawa

Holan ta gyara dokarta a 1976, ta kau da kai daga ƙaramin ciniki a wasu shaguna na musamman, ba tare da ta halatta noman ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta amince da wiwi na magani a ƙuri'ar raba gardama ta 1996, sai jihohin Kolorado da Washintan suka halatta wa manya a 2012. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 sun yi haka, alhali dokar tarayya ba ta yarda da shan nishaɗi ba.

Yurugwai ce ƙasa ta farko da ta halatta shi daga gona har kasuwa, a Disamban 2013, zamanin Shugaba José Mujica, wanda ya ce manufarsa ƙwace kasuwa daga hannun 'yan fasa-ƙwauri. Tsarin nata na gwamnati ne: mai sha sai ya yi rajista, kuma ya zaɓi ko ya shuka tushe shida a gida, ko ya shiga ƙungiyar manoma, ko ya saya a kantin magani har giram 40 a wata. Sayarwa a kantunan ba ta fara ba sai Yulin 2017. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018, ta bar kamfanoni masu lasisi su noma. Jamus ta yarda da mallakar giram 25 a wajen gida da tushe uku a gida daga 1 ga Afrilun 2024, amma ba ta buɗe shaguna ba. Tailan ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2022, shaguna suka cika birane, sai a 2025 ta koma ta wajabta takardar likita.

A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni na huɗu da ƙuri'a 27 a kan 25. Yana nan a rukuni na ɗaya.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa haramci bai hana sha ba, sai cika gidajen yari da matasa da azurta masu fataucin ɓoye, kuma halattawa na kawo haraji da damar auna ƙarfin abin da ake sayarwa. Suna kuma ambaton magungunan da aka amince da su, kamar Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara da Amurka ta yi wa rajista a 2018. Masu adawa suna nuna alaƙar yawan sha da taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara tun yana ɗan makaranta, da haɗarin tuƙi cikin maye, da cewa wiwin yau ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Kasuwar ɓoye ta ragu a Kanada amma ba ta mutu ba, kuma kowane ɓangare yana ɗaukar wannan a matsayin hujjarsa.

A Afirka

Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, Zimbabuwe ta biyo a 2018, Malawi a 2020, Maroko kuma ta zartar da dokar yin haka a 2021. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a Satumban 2018 cewa babba na iya shuka da sha a keɓe. Gana ta yarda da noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba a dokar 2020; Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake zartar da shi a 2023.

A Najeriya ana yawan cewa sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka yaɗa shan wiwi. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma, aka sassauta ta a 1975, sannan aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, a 1989. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da miliyan 10.6. Tsohon gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, wanda dazuzzukan jiharsa na cikin manyan wuraren noman ɓoye, ya nemi a 2019 a yarda da noma domin magani da fitarwa waje. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, ya sha bayyana adawarsa da halatta sha, kuma ƙudurorin da aka gabatar a Majalisar Wakilai ba su zama doka ba.